Guzurin ƙasar ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa zama a shago a Kantin Kwari ya san maganar da ake rufe ciniki da ita: "Je ka gwada, in bai yi ba ka dawo da shi." A tawa sana'ar babu wannan magana. Masu cin abin da nake ɗaurewa suna can nesa da sitona, wasunsu da fiye da kilomita 4,000, kuma jirgin da ke kai musu kaya sau ɗaya yake zuwa a shekara. In shinkafa ta yi ƙwari a watan Yuni, da ita za su zauna har jirgi ya sake zagayowa.

Ɗan ƙaramin kamfani gare ni a birnin Cape Town. Muna sayen busasshen abinci da kayan wanki da ƙananan kayan gyara, mu tantance su, mu sake ɗaure su, mu kai bakin tashar jiragen ruwa. Masu amfani da su su ne ma'aikatan tashoshin bincike uku da gwamnatin Afirka ta Kudu ke riƙe da su: SANAE IV a nahiyar Antatika, da ta tsibirin Marion, da ta tsibirin Gough, wanda mallakar Birtaniya ne amma 'yan Afirka ta Kudu ke duba yanayi a cikinsa tun 1956. Afirka ta Kudu tana cikin ƙasashe goma sha biyun farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Antatika a 1959, kuma har yau ita kaɗai ce a Afirka mai tasha a can.

Shekararmu ba kalanda ke juya ta ba, jirgi ne. Sunansa S.A. Agulhas II, ƙirar ƙasar Finlan, tsawonsa mita 134, ya fara aiki a 2012. Shi ne wanda aka gano gawar jirgin Shackleton, tsohon matafiyin binciken Antatika, da shi a ƙarƙashin teku a 2022, ko da yake mu 'yan dako ba abin da ya dame mu ke nan ba. Wajen Afrilu ya nufi Marion, wajen Satumba ya nufi Gough, a Disamba kuma, lokacin da kudancin duniya ke cikin zafi ƙanƙarar teku ta yi sako-sako, ya kama hanyar Antatika. Ranar tashinsa ba ta jiran kowa. Motarka ta mutu a hanya, mai sayar maka ya yi maka alkawarin gobe, duk naka ne. Kayan da suka rasa jirgi ba su makara ba, sun tashi daga aiki ne.

Mutanen gida in sun ji "kwangilar gwamnati" sai idonsu ya buɗe. Wani ƙanena ya taɓa ce mini a waya, "Yaya, ai ka ja mu, tunda ka san manya." Ban san manya ba, takardu na sani. Kafin a saurare ka sai sunan kamfaninka ya shiga rajistar 'yan kwangila ta baitulmalin ƙasa, hukumar haraji ta shaida ba ta bin ka komai, ka kuma cike takardar da ke bayyana ko kana da alaƙa da wani ma'aikacin gwamnati. Ka bar gurbi ɗaya ba sa hannu, tayinka ya faɗi tun ba a kai ga duba farashi ba. Ana auna tayi da maki ɗari. A kwangilar da ba ta wuce rand miliyan 50 ba, maki 80 na farashi ne, 20 kuma na manufofin gyara ɓarnar mulkin wariyar launin fata, wato fifita kamfanonin waɗanda aka danne a wancan zamani. Baƙo irina da ya zo bayan ƙarewar wancan mulki a 1994 ba ya cikin wannan lissafi, ko da fatarsa ta fi ta kowa baƙi. Ban ga laifin tsarin ba, masu ƙasa ne suka sha wuyar. Amma shi ya sa yawancin aikina a ƙarƙashin wani babban ɗan kwangila nake yinsa: shi ya ci kwangilar, ni in ɗauki ɓangaren da ya fi cin rai, wato tantancewa da ɗauri.

A nan ne sana'ar take, kuma a nan ne farashi mai arha ke yaudara. Rukunin da ke kwana a SANAE IV mutum goma ne ko kusa da haka, da likita da makanikai da injiniyoyi da mai duba yanayi, kuma sukan haura shekara a can. Saboda haka gwangwanin da wa'adinsa zai cika nan da wata takwas, wanda dillali ke zubarwa da rangwame, a wurinmu shara ne. Muna bin kowane gwangwani da hannu, mu duba wa'adi, mu ware wanda ya lotse ko ya fara tsatsa. Fulawa da wake da shinkafa ba sa tafiya a buhunsu na kasuwa. Sai mun juye su cikin robobi masu murfi, an liƙe, an rubuta abin da ke ciki da nauyinsa a gefe biyu, domin wanda zai nemo su yana sanye da safar hannu mai kauri, ga iska, ba shi da lokacin buɗe akwati goma yana neman sukari.

Abin da ya fi ba sabon yaro mamaki a sitona shi ne yadda muke damuwa da abin da bai kamata ya tafi ba fiye da abin da zai tafi. Ƙwayar iri ɗaya a cikin lungun kwali, ƙasa a ƙasan akwati, gizo-gizo, kyankyaso, balle ɓera. Dokar kare muhallin Antatika da aka sa wa hannu a Madrid a 1991, ta fara aiki a 1998, ta hana shigar da duk wata halitta da ba ta wurin ba. A kanta aka kwashe karnukan jan kaya daga nahiyar gaba ɗaya a 1994. Ta kuma hana ɓarɓashin farin soson nan da ake cusawa cikin kwali don kada kaya su fashe, saboda in iska ta ɗebe shi babu mai iya tsince shi. Katakon da za mu yi akwati da shi sai wanda aka gasa har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, an buga masa hatimi. Kwali kuwa mukan cire shi duk inda zai yiwu, don ramukan cikinsa gidan ƙwari ne.

Tsibirin Marion ya fi tsanani, kuma wanda ya san tarihinsa ba zai yi ƙorafi ba. Ɓeraye sun shiga tsibirin tun zamanin masu farautar dabbobin teku. A 1949 aka kai kuliyoyi biyar don su rage su a tashar. Zuwa 1977 sun kai kimanin 3,400, kuma ba ɓerayen suka sa a gaba ba, tsuntsayen teku suka riƙa ci, dubbai ɗaruruwa a shekara. Sai a 1991 aka ga bayan ta ƙarshe. Ɓerayen na nan, yanzu har 'ya'yan manyan tsuntsaye suke ci da ransu a cikin sheƙa. Saboda haka ba a kai ɗanyen kayan lambu Marion, naman kaza kuma sai wanda aka zare wa ƙashi, don tsoron cutar da za ta kama tsuntsayen wurin. Ka yi tunanin shekara guda ba ɗanyen tumatir, sai na gwangwani. Shi ya sa nake sa ido sosai a kan kayan yaji da busasshiyar albasa, ko da ba su ne masu riba ba.

Sanyi ma yana da nasa hukuncin. SANAE IV, wadda aka gama ginawa a 1997, tana kan wani dutse ne mai suna Vesleskarvet, a ɗage kan ƙafafun ƙarfe don iska ta wuce da dusar ƙanƙara ta ƙarƙashi. Jirgi ba ya kaiwa can. A bakin gaɓar ƙanƙara yake sauke kwantenoni, taraktoci su ja su a kan sulu na fiye da kilomita 150. Duk abin da ke cikin kwantena zai daskare kuma zai sha jijjiga. Ruwa a kwalba ya fasa ta, tiyon roba na kasuwa ya tsage kamar ba a taɓa lanƙwasa shi ba, batir ya mutu, man gas na gidan mai ya yi kauri ya toshe inji. Janareto kuwa shi ne ran tashar, da shi ake ɗumama ɗaki, da wutarsa ake narkar da dusar ƙanƙara a sha, a wurin da rana ke ɓacewa sama da wata biyu. In an rubuta lambar wata matatar mai, waccan lambar zan kawo. "Irinta ce, za ta shiga" magana ce ta bakin titi.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Dokar ƙasar ta ce gwamnati ta biya cikin kwana 30 da karɓar takardar neman biya, amma ni na ƙarƙashi sai na sama ya karɓa sannan in gani, alhali kayan da kuɗina na saye su tun watanni kafin jirgi ya tashi. Ba na cin bashin banki mai ruwa, don haka girman aikin da zan karɓa bai wuce girman jarina ba. Akwai riba, amma ba irin wadda ake zato ba, kuma tsakanin tafiya da tafiya kantuna da jiragen kamun kifi nake yi wa aiki don albashin yara.

Abin da aka kai kuma yana dawowa. Gwangwanayen banza, fasassun kwalabe, baƙin mai, tsofaffin ƙarafa, duk jirgi ke juyowa da su Cape Town, ba a binne komai a can. Saboda haka tun wajen ɗauri nake lissafin shara: roba mai shiga cikin 'yar'uwarta in ta zama fanko, akwatin da za a iya mayar da shi cike da tarkace. Yanzu ana shirin watsa gubar ɓera da jirage masu saukar ungulu a duk faɗin Marion. An gwada haka a Gough a 2021, kafin shekarar ta fita aka sake ganin ɓera. In na Marion ya yi nasara, binciken kayan da za su shiga tsibirin zai ƙara tsanani, don ba wanda zai yarda a kashe wannan dukiya sannan ɓera guda ya sauka daga akwatin wani. Na riga na ware wa kayan tsibiran ɗaki dabam mai siminti da raga a kowace kafa, ba a cin abinci a ciki, kuma mai shiga sai ya sauya takalmi a bakin ƙofa.