Darussan da Na Koya Wajen Neman Tallafin Albashin Ɗalibai a Kanada

Aikina a wani ƙaramin kamfanin sarrafa abinci da ke lardin Ontario shi ne riƙe littattafan kuɗi da shirya albashi, kuma da yake ba mu da jami'i na musamman mai kula da ɗaukar ma'aikata, neman tallafin gwamnati don ɗaukar ɗalibai ya faɗo a wuyana. Shirin da muka fi hulɗa da shi shi ne Student Work Placement Program, wanda gwamnatin tarayyar Kanada ta ƙaddamar a shekarar 2017 domin ɗaliban jami'o'i da kwalejoji su samu gurbin sanin makamar aiki tare da albashi. Tsarinsa a takarda, a lokacin da na fara hulɗa da shi, mai sauƙi ne: gwamnati na ɗauke wa mai kamfani rabin albashin ɗalibi har zuwa dalar Kanada 5,000, ko kuma kashi 70 cikin ɗari har zuwa dala 7,000 idan ɗalibin na cikin rukunonin da ake son ƙarfafa wa gwiwa, kamar 'yan shekarar farko, da mata masu karatun kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, da 'yan asalin ƙasar na tun fil'azal, da masu buƙata ta musamman, da sababbin zuwa ƙasar.

Babban abin da na fahimta shi ne cewa wannan kuɗi ramuwa ce da ke zuwa daga baya, ba jarin da ake fara aiki da shi ba. Kamfani ne zai biya ɗalibi albashinsa cif-cif kowane mako biyu daga aljihunsa, sannan ya gabatar da shaidar biyan, sannan a mayar masa da kasonsa, sau da yawa bayan ɗalibin ya riga ya koma aji. Duk wanda ya sa kuɗin a lissafinsa na watan da ake ciki, to, ya ci bashin da bai san ranar biyansa ba. Lissafin ma yakan ba masu kamfani mamaki. A ɗauka ana biyan ɗalibi dala 20 a sa'a, yana aikin sa'a 35 a mako har tsawon mako 16. Jimillar albashinsa dala 11,200 ke nan. Rabin wannan dala 5,600 ne, amma tun da an ƙayyade iyaka, dala 5,000 kawai za ta dawo. Saura dala 6,200 tana kan kamfani, ban da kason da doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci na asusun fansho da inshorar rashin aiki. Shi ya sa duk lokacin da shugabanmu ya tambaye ni ko za mu iya ɗaukar ɗalibi, nakan ajiye masa lissafi biyu a kan tebur, ɗaya da tallafi, ɗaya babu, in kuma roƙe shi ya yanke shawara a kan na biyun.

Ba a kai takardar nema ma'aikatar gwamnati kai tsaye. Gwamnati ta raba kuɗin ga wasu ƙungiyoyi da ke wakiltar sassan sana'o'i, su ne ke karɓar buƙata, su tantance, su biya. ECO Canada na kula da ayyukan muhalli, BioTalent Canada na kula da fannin kimiyyar halittu, ICTC da Technation na ɓangaren fasahar sadarwa, Food Processing Skills Canada kuma ita ce ta masu sarrafa abinci irinmu. Kowacce na da shafinta na intanet, da fom ɗinta, da ranar buɗewa da rufewarta, kuma abin da ake dubawa ya haɗa da irin aikin da ɗalibin zai yi, ba sana'ar kamfanin kaɗai ba. Kuɗin da ke hannun kowacce yana da iyaka, kuma idan ya ƙare sai a sa mutum a jerin masu jira. Zangon aikin ɗalibai a nan yakan bi kalandar makarantu: Janairu zuwa Afrilu, Mayu zuwa Agusta, Satumba zuwa Disamba. Zangon Mayu ne aka fi rububinsa, don haka wanda ya bari sai ya ga ɗalibi a bakin ƙofa sannan ya fara neman fom, ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sharaɗin da ya fi ba ni wahalar bayyana wa shugabanni shi ne na ƙarin gurbi. Gwamnati ba ta son biyan kuɗi a kan ɗaliban da kamfani zai ɗauka ko da babu tallafi, saboda haka ana kwatanta adadin ɗaliban bana da na wata shekara da aka ɗauka ma'auni, kuma abin da ya ɗara wannan adadi ne kawai ake tallafawa. A ganina manufar na da ma'ana, amma tana ɗan cutar da kamfanin da ya daɗe yana karɓar ɗalibai tun kafin a fara ba da ko sisi, domin alherinsa na baya ne ya zama ma'aunin da zai tsallake. An sassauta wannan sharaɗi a shekarar 2020 lokacin annobar korona, har aka ɗaga tallafin zuwa kashi 75 cikin ɗari da iyakar dala 7,500, daga baya kuma aka koma kan tsohon tsari. Tun daga nan na daina dogara da abin da na sani bara. Kowane zango sai na sake karanta ƙa'idojin daga farko.

Sauran aikin duka takardu ne, kuma a nan ne kuɗi ke maƙalewa. Ana son wasiƙa daga ofishin rajista na makaranta da ke nuna cewa ɗalibin na da rajista a zangon da ake magana a kai, kuma katin shaidar ɗalibi ba ya wadatarwa, domin ba ya nuna ko mutum na karatu a halin yanzu. Ana son yarjejeniyar aiki mai ɗauke da ranar farawa da ta gamawa da adadin albashi, da bayanin abin da ɗalibin zai koya, da takardun albashi da ke nuna abin da aka biya da abin da aka cire. Na taɓa ganin biyan kuɗi ya tsaya makonni saboda sunan ɗaliba a takardar albashi ya zo da sunan mahaifi a haɗe, a wasiƙar makaranta kuma a rabe. Haka kuma dole ɗalibin ya kasance ma'aikaci a cikin jerin masu karɓar albashi. Idan aka biya shi a matsayin ɗan kwangila mai kawo takardar neman biya, tallafin ya tashi.

Akwai wani sharaɗi da ya shafi jama'armu kai tsaye. Sai ɗan ƙasa, ko mai takardar zama na dindindin, ko wanda aka ba mafaka a hukumance ne ake biyan tallafi a kansa. Ɗalibin da ya zo da izinin karatu daga Najeriya ko Nijar ko Gana ba ya ciki, ko da makarantarsa ta wajabta masa zangon aiki, ko da yana da izinin yin aikin. Wani yaro ɗan Kano mai karatun kimiyyar abinci ya zo ganawar neman gurbi a wurinmu, ya amsa tambayoyin tsaftar masana'anta fiye da kowa, kuma da ya fita tambayar farko da aka yi mini ita ce ko za a samu tallafi a kansa. Na ce ba za a samu ba, na kuma ce dala 5,000 ba ta kai darajar wata huɗu na aikin da ba sai an sake ba. An ɗauke shi. Amma na san ba kowane kamfani ke da sararin yin haka ba, kuma ya kamata iyayen da ke turo 'ya'yansu karatu su san cewa yaran na takara da abokan ajin da gwamnati ta rage wa farashi a idon mai ɗaukar aiki. Wanda ya san shirin SIWES na Najeriya, inda alawus ɗin gwamnati na ɗalibi ne, zai ga bambancin: a nan kamfani ake ba kuɗin domin ya buɗe gurbi.

Mutane kan rikita wannan shiri da Canada Summer Jobs, alhali ba ɗaya ba ne. Shi Canada Summer Jobs na matasa ne 'yan shekara 15 zuwa 30, kuma tun 2019 ba lallai sai ɗalibi ba. Yana biyan ƙungiyoyin da ba na neman riba ba har cikakken mafi ƙarancin albashi, kamfanoni masu ma'aikata 50 ko ƙasa da haka kuma har rabinsa, kuma tun cikin hunturu ake neman na bazara. Ba a haɗa tallafin tarayya biyu a kan albashin mutum ɗaya. Abin da za a iya ƙarawa shi ne rangwamen harajin da lardin Ontario ke bayarwa, har dala 3,000 a kan kowane gurbin da ya kai mako 10 a jere, muddin ɗalibin na cikin tsarin karatu da aiki da makarantarsa ta amince da shi.

Kuɗin da babu fom ɗin da ke tambayarsa shi ne lokacin wanda zai kula da ɗalibin. A makonnin farko ma'aikaciyarmu mai kula da ingancin kaya takan rasa kusan rabin yininta wajen nuna yadda ake ɗaukar samfur, da auna zafin ɗakin sanyi, da cike littafin bincike ba tare da goge kuskure ba. Saboda haka kafin in buɗe shafin neman tallafi a kowane zango, nakan fara zuwa wurinta in tambaye ta ko tana da sararin karɓar ɗalibi da kuma aikin da za ta damƙa masa. Idan ta ce babu, zangon nan ba ma nema.