Godiya bayan walimar 'yan matanmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah jiya muka yi walimar rufe ajin tarbiyya na 'yan mata da muka buɗe a wannan hutun nan unguwarmu a Sakkwato, kuma wallahi ban iya barci ba sai na zo na yi godiya.

Iyayenmu tsofaffi su zan fara ambata, Inna da Gwaggo da Hajiya Babba, da ciwon ƙafa da komai suke zuwa su zauna kan tabarma tun hantsi har azahar ba a ba su ko sisi ba. Su suka koya wa yaran nan durƙusawa gaida manya, da miƙa abu da hannun dama, da kawo wa baƙo ruwa kafin a tambaye shi me ya kawo shi, da tuƙa tuwo ba gudaji, da haɗa turaren wuta da humra, kai har yadda za ki amsa kiran uwar miji ba ki ɗaga murya ba. Allah ya saka muku da aljanna, ya ƙara lafiya.

Malama ke kuma naki daban ne. Hukuncin haila da wankan tsarki da yawancin iyaye ke jin nauyin faɗa wa 'ya'yansu, kin zauna kin warware musu dalla-dalla, ni a wurina wannan ya fi girkin ma muhimmanci. Wasu sun ce wai bauta muke koya musu, to ku zo ku ga yarinyar da ta san addininta ta san haƙƙinta a gidan aure sannan mu yi magana. Nana Asma'u 'yar Shehu da ta rasu a 1864 haka ta yi, ta naɗa jajoji, wato mata jagororin karatu, ta ba su malfa suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, su ne 'yan taru. Shi ya sa muka kai yaran ziyara Hubbare, inda kabarinta da na Shehu suke, mun gode wa ɗan'uwanmu da ya ba da motarsa har da mai.

Baba mai unguwa mun gode da aron zaure, iyayen yara mun gode da amana, masu kawo shinkafa da itace da zoɓo Allah ya mayar da alheri.

Dan Allah wadda ta bar kula ko faranti ta aiko a ɗauka, suna wurin Gwaggo.