Abin da tantanin polisalfon ya koya mini kafin in bar ɗakin gwaji

Kuskuren da ya fi cin rai a aikin haɗa tantanin tace ruwa na polisalfon (wani nau'in roba) shi ne busar da nanoselulos a tanda, wato ƙananan ƙwayoyin zaren tsiro da ake sawa a cikin tantanin. An sha wahalar fitar da shi daga tukar rake ko buntun shinkafa, an dafa shi a asid ɗin salfa mai ƙarfin kashi 64 cikin ɗari, a zafin digiri 45, na minti 45, an wanke har asid ya fita. Sai a ce a busar don a ji daɗin awo. Da ruwan ya ƙafe, ƙwayoyin suna manne wa juna, kuma ba sa sake rabuwa ko an kwana ana kaɗawa.

Waɗannan gudajin ne ke shiga kwaɓin polisalfon da NMP, sinadarin da ke narkar da polisalfon ɗin. Idan aka shimfiɗa kwaɓin a kan gilashi da kaurin maikiron 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita), aka tsoma a ruwa, kowane gudaji yana barin kafa a gefensa. Ruwa zai riƙa wucewa da gudu, malamin da ke duba aikin ya ce an ci nasara, a rubuta. Alhali tantanin ne ya huje. Gwajin tace BSA, wani furotin na jinin shanu, shi kaɗai ke tona asirin, don za a ga abin da ya kamata a tare yana bin ruwa. Mai gaggawar buga takarda ba ya son jin wannan, kuma in abu ya ɓaci, ɗalibi ake tuhuma.

Zuba nanoselulos ɗin da ruwansa cikin kwaɓin ma ba mafita ba ce, domin polisalfon ba ya shiri da ruwa, nan take zai dunƙule. Sai dai a yi musayar ruwa: a juya a santirifuj (na'urar da ke juyawa da gudu har ƙwayoyin su kwanta a ƙasa), a tsiyaye, a zuba sinadarin asiton, a maimaita sau uku ko huɗu, sannan a koma NMP. A warwatsa shi da na'urar girgiza cikin kwanon ƙanƙara kafin a sa polisalfon ɗin.

Yawan nanoselulos ɗin kuma, a fara daga rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin ɗari. Da an zarce 2, yawanci kwaɓin ya yi kauri, ƙarfin tantanin ya koma baya.

A bar kwaɓin ya kwana kumfa ta fita. A danne tantanin da matsi na rabin awa kafin a auna gudun ruwa. A riƙa rubuta laimar ɗaki, don tantanin da aka zuba da damina ba ɗaya ba ne da na hunturu.