Gimbiya Diana a filin nakiyoyi na Huambo

Duk wanda ya ga hoton Gimbiya Diana ta Birtaniya a Huambo ta ƙasar Angola, a watan Janairun 1997, sanye da rigar kariya da gilashin fuska, ya kamata ya san irin filin da ta taka. Hanyar da ma'aikatan ƙungiyar cire nakiyoyi ta HALO Trust suka riga suka share ta bi.

Aikin nan ba ya son gaggawa. Mai cire nakiya a durƙushe yake aiki, cikin layi mai faɗin mita 1. Ya fara duba ko an ɗana wayar tarko, ya yanke ciyawa da almakashi, sannan ya bi ƙasa da na'urar gano ƙarfe. In ta yi ƙara, daga gefe zai riƙa tono a hankali, don abin da ke tayar da nakiya a samanta yake. Sau da yawa ƙusa ce ko kwanson harsashi, amma kowanne sai an tona. Ambaliya kuma takan kwashe nakiya daga inda taswira ta nuna. Irin wannan aikin manoman Borno da ke komawa gonakinsu suke buƙata yau.

Yara ne suka fi tsaya wa Diana a rai, kuma da gaskiyarta. Yaro gajere ne, fashewar takan kai masa har ciki da fuska. In ya tsira, ƙafar roba sai an riƙa sauya masa yana girma, iyayen kuwa talakawa.

Kan batun nakiyoyin ta je Bosniya a watan Agustan 1997, ta rasu a ƙarshensa. A Disamba ƙasashe 122 suka sa hannu a Ottawa, babban birnin Kanada, kan yarjejeniyar haramta nakiyoyin da ake binnewa don mutane.