Shekara uku ina tuƙa mai goge a ƙasar Ireland

Na sauka a filin jirgin sama na Dublin a ƙarshen watan Oktoban 2021, wata tara bayan matata ta riga ni zuwa domin aikin jinya a wani asibiti da ke yammacin ƙasar, muka kama haya a garin Ennis, hedikwatar gundumar Clare. A gida ni direba ne, shekara goma sha huɗu ina jigilar fasinja tsakanin Funtuwa da Zariya da Kano, amma da na zo nan sai aka sanar da ni cewa ba a musanya lasisin Najeriya da na Ireland, don haka tilas na koma ɗalibi, na zauna jarrabawar dokokin hanya a kwamfuta, na ɗauki darussa wajen malamin tuƙi, sannan aka gwada ni a kan titi, a hannun hagu kuma. Watannin da na yi ina jiran lasisin su ne mafiya nauyi a zamana na ƙasar waje, domin da dare ina jera kaya a wani babban kanti, da rana kuma ina zaune ni kaɗai a ɗaki, ana yayyafi wanda ba ya ɗaukewa, rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu da ɗan wani abu a watan Disamba.

Ta bangon ɗakin nan na fara jin gogen maƙwabcinmu. Dattijo ne da ya haura sittin, yana kaɗa irin gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake ɗorawa a kafaɗa, yana kuma waƙa da Turanci da harshen Irish, kuma tun yana saurayi ba shi da wata sana'a sai wannan. Ba shi da kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa, shi yake neman wurin wasa da kansa ta waya, shi yake buga takardun talla, shi yake ɗaukar kayansa. Da likita ya hana shi tuƙin dare saboda idonsa, ni kuma lasisina ya fito, sai ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya tambaye ni ko zan riƙa kai shi wuraren wasa a ƙarshen mako, ya biya ni ladan kowace tafiya.

Ban amsa nan take ba, saboda na san yawancin kiɗan gargajiyar ƙasar nan a mashaya ake yin sa, ni kuwa ban taɓa sa ƙafa a irin wannan wuri ba. Matata ce ta ce mini, "Maigida, tuƙi aka ɗauke ka, kai ka san abin da ya halatta gare ka, ka tsaya a kansa." Da farko a mota nake zama har a tashi, ina sallolina a gefen wurin ajiye motoci. Daga baya, a wasannin da ake yi a zauren taron ƙauye ko ɗakin karatu, na fara shiga ina tsare masa teburin sayar da faifai, kuma a mashayar ma, idan sanyi ya yi tsanani, akan kawo mini shayi in zauna kusa da ƙofa, ba wanda ya taɓa matsa mini da wani abu daban.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsarin zaman makaɗan. A ƙauyen Doolin, bakin tekun Atilantika, na ga mutum bakwai sun kewaye teburi suna fuskantar juna, sun ba jama'a baya, ɗaya da goge, ɗaya da sarewa, ɗaya da ganga mai fuska ɗaya ta fatar akuya wadda suke kira bodhrán, wani kuma da wata algaita mai jaka da ake hura wa iska da mafitar da ke ƙarƙashin gwiwar hannu, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya da ake tattalawa a shekarar 2017. Ba a wasa kowa, ba a kiran sunan mai kuɗi, ba a liƙi, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu yakan zauna kusa da tsoho mai tamanin su kama kiɗa ɗaya ba tare da takarda a gabansu ba. Idan wani ya ɗaga murya zai yi waƙar baka, wadda ba kiɗa a bayanta, sai ɗakin ya yi tsit kamar ruwa ya ci kowa. Na gaya wa dattijon cewa a wurinmu makaɗi yana da ubangida, sarki ne ko attajiri ko manomi ko ɗan dambe, sai ya ba ni labarin Turlough O'Carolan, makahon mai garayar ƙasar da ya rayu daga 1670 zuwa 1738, wanda ya yi rayuwarsa yana yawo a kan doki daga gidan wannan babban mutum zuwa na wancan, yana tsara wa kowane kiɗa da sunansa. Ashe su ma sun yi zamanin makaɗan iyayen gida, kuma garayar nan ita ce ke jikin kuɗin ƙasar da fasfonta har yau.

Yawon wasa wahala ce wadda mai kallo ba ya gani. Mukan tashi daga Ennis da hantsi, mu tsallaka kogin Shannon a jirgin fito daga Killimer zuwa Tarbert, tafiyar kamar minti ashirin, mu nufi Dingle ta hanyoyin da mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe, ya yi wasan awa biyu a gaban mutum arba'in, mu kamo hanyar gida ƙarfe ɗaya na dare domin kuɗin masauki zai cinye abin da aka samu. Na sha ganinsa yana lissafi a bayan ambulan, yana cire kuɗin mai da ladana da kason mai zaure, abin da ya rage wani lokaci bai kai na cefanen mako ba. A watan Yuli kuwa ba ya karɓar wasa ko'ina, sai ya tafi Miltown Malbay wajen makarantar bazara ta kiɗan gargajiya mai suna Willie Clancy, wadda ake yi tun 1973, inda yake kwana bakwai yana kiɗa da tsofaffin abokansa.

Sabon faifansa a idona aka yi shi, cikin hunturun bara, a wani ɗan ɗakin ɗaukar murya da ke bayan gidan wani manomi, kuma da kuɗin aljihunsa da gudummawar masu sauraronsa ya biya. Waƙa goma sha ɗaya ne, ya buga kwafi ɗari biyar, akwatunan suna bayan motata har yanzu ana rage su kaɗan-kaɗan. Ya saka shi a Bandcamp, wani shafin sayar da waƙoƙi a intanet, inda yake cewa mai saye yana biyan sa abin kirki, amma game da manhajojin saurare irin su Spotify, ya nuna mini abin da ya shigo masa na wata uku, bai isa ya cika tankin mota ba. A ganina akwai rashin adalci a cikin wannan, mutum ya ba sana'a shekara arba'in sannan a riƙa jin muryarsa kusan kyauta.

Rabin waƙoƙin faifan na ƙaura ne, kuma a mota, tsakanin Galway da Sligo, ya fassara mini su ɗaya bayan ɗaya. Ya ba ni labarin babbar yunwar da ta fara a 1845 lokacin da cuta ta kashe dankalin da talakawa suka dogara da shi, mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka bar ƙasar, kuma ficewar ba ta tsaya ba har tsawon fiye da ƙarni guda. Ya ce a ƙauyukan yamma, idan saurayi zai tafi Amurka, akan kwana ana kiɗa da kuka a gidansu tamkar zaman makoki, domin uwa ta san da wuya ta sake ganin ɗanta. Ƙannensa biyu a Boston suka tsufa. Ina tuƙi ina tuna daren da zan bar Funtuwa, yadda mahaifiyata ta riƙe hannuna a zaure tana ta addu'a ba ta son saki, sai da na tsaya a gefen hanya na ɗan jima kafin mu ci gaba. Tun daga ranar na daina jin kaina baƙo sosai a cikin waɗannan zaurukan, domin kusan duk wanda ya zo sayen faifai yana da ɗa ko 'ya a Ostireliya ko Kanada ko Ingila, kuma da yawa sukan tambaye ni labarin mahaifiyata kafin su tambaye ni farashi.

Inda tafiyarmu take rabuwa ita ce kan iyaka. Tsakanin Jamhuriyar Ireland da Ireland ta Arewa, wadda ke cikin Birtaniya, babu shinge babu jami'i, alamar gudun mota ce kawai take komawa daga kilomita zuwa mil, amma 'yancin zirga-zirgar da ke tsakanin Ireland da Birtaniya na 'yan ƙasashen biyu ne, mai fasfon Najeriya irina sai da bizar Birtaniya, ko da yana da katin zama a Ireland. Saboda haka idan za mu gundumar Donegal nakan bi hanyar Sligo da Bundoran in kauce wa tsallakawa, idan kuma wasan a Derry ne, cikin Ireland ta Arewa, sai in sauke shi a Letterkenny wani ya ƙarasa da shi. Faransa ma haka take, tun da Ireland ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, shi ya sa ban taɓa ganin bikin kiɗa na garin Lorient da yake yawan ba ni labari ba. A watan Janairun da ya wuce ya tafi Glasgow da ke Scotland lokacin bikin kiɗa na Celtic Connections, na kai shi filin jirgi da asuba, na sauke masa akwatin goge da kwali ɗaya na faifai, na juyo Ennis ni kaɗai ina sauraron faifan a mota.

Dokar ƙasar ta ce sai mutum ya cika shekara biyar da zama bisa ƙa'ida kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, kuma dattijon ya fi ni ƙidaya watannin da suka rage, domin ya riga ya shata hanyar da za mu bi, daga Larne a jirgin ruwa zuwa Cairnryan, daga nan mu haura arewacin Scotland. Kafin lokacin, ranar Juma'a mai zuwa bayan na sauko daga masallaci muna da wasa a wani zauren ƙauye kusa da Westport, kuma saura kwafi ɗari da tamanin a bayan mota.