Sabon Taku da Farmaki: Abin da Na Koya daga Wasannin Manyan Gwanayen Eshek

Ni malamin lissafi ne a wata lise da ke nan Maradi, kuma da yammacin Asabar nakan zauna da wasu ɗalibaina mu yi nazarin darar Turawa, wadda a nan aka fi sani da eshek. Babu abin da ke ɗaukar hankalin yaran kamar sabon taku a buɗin wasa. Ana nufin a bi tsarin da gwanaye suka sha bi, taku goma ko ashirin, sai ɗaya daga cikin ƴan wasan ya yi wani taku da ba a taɓa rubutawa a wannan matsayi ba. Mujallar Informator, wadda ake bugawa a Belgrade tun 1966, tana sa wa irin wannan taku alamar N, kuma ɗalibaina da sun ga alamar sai su ɗauka cewa a nan ne aka ci wasan. Nazarin da muka yi tare ya kai ni ga wani ra'ayi dabam, wato sabon taku ba ya da wata daraja da ta wuce fahimtar da mai yin sa yake da ita game da matsayin da zai biyo baya.

Wasan da ya fara nuna mini haka shi ne na Capablanca, gwanin ƙasar Kyuba, da Frank Marshall na Amurka, a birnin Niyok a 1918. Marshall yana riƙe da baƙaƙe a buɗin Sifaniya, sai a taku na 8 ya tura dakarensa, wato ƙaramin sojan da ke sahun gaba, zuwa gurbin d5 (kowane gurbi a allon yana da suna na harafi da lamba), ya sadaukar da dakare guda a tsakiyar allo. Dabarar tana da tushe mai ƙarfi, domin kafin mai farare ya gama cin dakaren, dokin da ke gadin sarkinsa ya bar allo, alhali ɗaya dokin da giwa da hasumiyar ɓangaren sarauniya duk suna zaune a gidajensu na asali ba su motsa ba. Marshall ya jefa sarauniya da doki da giwa a kan sarkin farare, har ya miƙa doki a gurbin f2. Capablanca bai taɓa ganin wannan tsari ba, amma ya karɓi dakaren, ya ƙi taɓa abin da zai halaka shi, ya bi da sarkinsa ta tsakiyar allo har ya kai shi ɗaya ɓangaren, sannan ya ci wasan. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne daga baya masana sun gane cewa tunanin Marshall daidai ne, kuskuren yana cikin yadda ya ci gaba, kuma da aka maye takunsa na 11 da tura dakare zuwa c6, sai tsarin ya zama ɗaya daga cikin makaman baƙaƙe mafi aminci har yau. Ke nan mai sabon taku yana iya faɗuwa alhali yana da gaskiya, idan wanda ke gabansa ya fi shi lissafi a kan allo.

Mun fi daɗewa a kan wasa na 10 na gasar duniya ta 1995 tsakanin Kasparov da Anand, ita ma a Niyok. An yi canjaras a wasanni takwas na farko, Anand ya ci na tara, don haka Kasparov ya zo wasa na goma yana baya. Layin da suka bi yana da tarihi, domin miƙa doki a g5 a taku na 11 tunanin Igor Zaitsev ne, mai taimaka wa Karpov, kuma Karpov ya fito da shi a kan Korchnoi a 1978 a Baguio ta ƙasar Filifin. A wasa na 6 na wannan gasa Kasparov da Anand sun riga sun bi layin, ba wanda ya ci. Sai Kasparov, mai riƙe da farare, ya koma gida da mataimakansa, suka sami janye giwa zuwa c2 a taku na 14, wanda ke kai ga barin hasumiya sukutum a kusurwa domin sarauniyar baƙaƙe ta ci. Kasparov ya yi ta taku cikin sauri kamar mai karanta abin da ya haddace, Anand kuwa agogonsa yana ta ci.

Ɗalibaina sun so mu tsaya a nan mu yaba, amma na sa muka bi wasan har ƙarshe, domin a nan ne darasin yake. Dalilin da ya sa sadaukarwar ta yi aiki a bayyane yake ga wanda ya duba allon da kyau: sarkin Anand yana tsakiya bai sami mafaka ba, sarauniyarsa kuma ta tafi kusurwa mai nisa tana cin ganima, sai ya zama a fagen da ake yaƙin farare sun fi yawa ko da yake a ƙidayar kayan duka suna baya. Kuma farmakin bai ƙare da kashe sarki ba. Anand ya mayar da abin da ya ci, aka yi musayar sarauniyoyi, Kasparov ya fita da rarar dakare ɗaya tak, sannan ya zauna ya yi aikin haƙuri na ƙarshen wasa har ya kai ga nasara. Duk wannan shiri na gida abin da ya saya masa shi ne dakare guda da rinjaye a agogo. Da bai iya sarrafa ƙarshen wasa ba, da shirin ya tafi a banza. Ya ci gasar da maki 10.5 da 7.5.

Akwai kuma abin da na lura da shi game da tsawon ran sabon taku. Lamarinsa kamar na ɗan kasuwar da ya shigo da sabon yadi daga Kano ne, ranar farko shi kaɗai ke da shi kuma shi ke yanka farashi, kafin kasuwa ta zagayo kowace rumfa ta rataya irinsa. A gasar duniya ta 1985 Kasparov ya sadaukar da dakare a d5 a buɗin Sisiliya a kan Karpov, kuma a wasa na 16 ya dasa doki a d3, a tsakiyar gidan farare, wanda ya ɗaure kayan Karpov har suka rasa wurin motsi. A shekarar da ta biyo baya Karpov ya nuna maganin dabarar a wasansa da van der Wiel a Brussels, da fito da giwa zuwa e3 a taku na 12. Wannan bai rage wa wasa na 16 kyau a idona ba, sai dai ya nuna cewa aikin sabon taku na rana ɗaya ne, a kan mutum ɗaya, da agogo yana tafiya.

Batun kwamfuta shi ne ya fi shafarmu a nan, domin yawancin ɗalibaina suna da Stockfish, manhajar da ke lissafa takun eshek, a salularsu, kuma sau da yawa kafin in gama jera kaya a kan allo sai in ji wani ya ce, "Malam, inji ya ce farare ne ke gaba." Amsar da nake ba su ita ce wasa na 8 na gasar Kramnik da Leko a Brissago ta Suwizaland a 2004, wanda shi ma a kan tsarin Marshall aka yi shi. Kramnik, mai riƙe da farare, ya zo da shirin da aka duba da kwamfuta, wanda ya haɗa da sadaukar da sarauniya domin dakarensa ya kusa zama sabuwar sarauniya. Leko ya ɓata lokaci mai yawa yana tunani, amma da kansa ya gano kai sarauniya d3 a taku na 25, sai ya bayyana cewa farmakin baƙaƙe ya riga dakaren isa. Injin da aka yi shirin da shi ya fara nuna nasarar farare ne, ba a ba shi isasshen lokaci ya canza hukunci ba. Kramnik ya faɗi a wasan, kuma sai da ya ci wasa na 14, na ƙarshe, aka tashi 7 da 7, ya tsira da kambunsa. Injunan yau sun fi na wancan lokaci ƙarfi nesa ba kusa ba, amma salular da ake ba daƙiƙa biyar, ga batir yana ƙarewa saboda an ɗauke wuta, ba za ta zurfafa ba, kuma ko ta faɗi gaskiya ba ta gaya wa yaro dalili.

A kan farmaki kansa, na tsaya a kan koyarwar Steinitz, zakaran duniya na farko a 1886, cewa wanda ya tara rinjaye a matsayinsa ne ke da ikon kai hari, kuma idan ya yi jinkiri rinjayen zai zube. Saboda haka kafin yaro ya miƙa doki ko giwa nakan sa ya ƙidaya mini kayansa nawa ne za su isa wurin sarkin abokin karawarsa cikin taku biyu, nawa ne kuma ke gadi, sannan ya nuna mini layin da zai buɗe. Ina matuƙar son wasannin Tal, wanda ya karɓe kambun duniya daga Botvinnik a 1960 da hare-haren da suka rikita kowa, amma ina tuna wa yaran cewa Botvinnik ya yi nazarinsa, ya ja shi zuwa matsayin da babu hargitsi, ya karɓe kambunsa a 1961. Kramnik ma ya yi wa Kasparov irin wannan a Landan a 2000, da ya farfaɗo da tsohon tsarin kariya na Berlin, inda ake musayar sarauniyoyi tun taku na 8, har aka gama gasar Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba.

Wannan ya canza yadda muke zama. Yanzu nakan jera matsayin da aka yi sabon taku a cikinsa, in rufe sauran wasan, a ajiye salula a gefe, kowa ya yi tunani na minti goma sha biyar ya rubuta a kayensa takun da zai yi da dalilinsa da kuma amsar da yake tsoro. Bayan mun yi muhawara ne muke duba abin da gwanin ya yi, inji kuma shi ne na ƙarshe da ake tambaya, kuma ana barinsa ya daɗe yana lissafi. Yaran da ke wasa da farare sun roƙi in nuna musu yadda za su kauce wa tsarin Marshall gaba ɗaya, don haka abin da ke gabanmu yanzu shi ne tura dakare zuwa a4 a taku na 8, wanda Kasparov ya yi amfani da shi a kan Short a gasarsu ta Landan a 1993. Za mu fara da wasan farko na wannan gasa.