Ranar da muka sauke silin ɗin ɗakin Inna

Garwa, Asabar da dare.

A kan buhun siminti nake zaune ina wannan rubutu, don kujerunmu duk suna tsakar gida an lulluɓe su da leda. Na yi wanka sau biyu, amma har yanzu in na haɗa haƙora sai na ji yashi. Yau kwananmu goma sha ɗaya da fara gyaran gidan nan, kuma yau ce ranar da na fi yin magana da safe, na fi yin shiru da yamma.

Gidan gado ne, a unguwar Hausare. Da aka raba, 'yan uwan Malam suka ce shi ne babba, ya riƙe gidan ya fanshi rabonsu a hankali. Na yi murna da barin haya, ba zan ɓoye ba. Sai da muka tare na gane gida biyu ne aka haɗa da katanga ɗaya. Akwai ɓangaren ƙasa, wato zaure da soron Inna, mahaifiyar Malam, waɗanda kakansa ya gina tun kafin Ahmadu Ahidjo ya zama shugaban ƙasar Kamaru a 1960. Akwai kuma ɗakuna biyu na bulo da mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya fara. Ya so ya rushe na ƙasar duka ya maye da bulo, sai aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kuɗin da ya tara ya zama ba ya sayen rabin abin da ya yi niyya. Daga nan aikin ya tsaya. Har yau akwai roduna huɗu da suka leƙo a saman ɗakin ƙarshe, sun yi tsatsa, yara suna shanya wando a kansu.

Tun bayan asuba Baba magini ya iso da yaransa biyu. Tsoho ne siriri, goro a kunci, ba ya gaggawar komai. Yaran nasa Fulatanci suke yi da juna, shi kuma ya amsa musu da Hausa, in ransa ya ɓaci ya haɗa da Faransanci. Na kai musu shayi da burodi, na tsaya daga bakin ƙofa don in ji yadda za a yi da soron. Ni dai abin da ke raina tun farko a bayyane yake. A shafe bangon da siminti ciki da waje, a sa tayil a ƙasa, a yi silin na zamani mai ƙananan fitilu a ciki irin wanda nake gani a Facebook, ɗakin ya zama falo. Inna ta koma wurin ƙanwar Malam a unguwar Yelwa tun bara, ta ce ƙurar gini ba za ta barta ta yi numfashi ba.

Baba magini bai ce mini e ko a'a ba. Ya ɗauki ƙotar cebur ya bi bangon waje yana ƙwanƙwasawa. Wani wuri ya yi ƙara a dunƙule, wani wurin kuma ya amsa kamar ganga. Ya sa bakin guduma ya ɗan taɓa inda ke amsawar, sai ga ɓawon siminti mai faɗin faifai ya ɓallo ya faɗi. A bayansa ƙasar ta yi laushi kamar gari, ga hanyoyin gara sun yi layi-layi har sama.

Ya ce, "Hajiya, kin ga simintin da kike so. Wannan marigayi ne ya sa aka shafa. Ƙasa da siminti ba sa zaman aure. Ita ƙasa tana shan ruwa da damina ta fitar da shi da rani. In kin rufe mata baki da siminti, ruwan da ya hau daga ƙasa ba shi da mafita, sai ya zauna a ciki ya cinye ta, gara kuma ta sami rumfa."

Na ce to ai simintin da ne, na yanzu ya fi ƙarfi. Ya yi dariya har goron ya kusa faɗowa. Ya ce daga masana'antar siminti ta Figil ake kawo shi da can, daga Figil ake kawo shi yanzu, kuma ba ƙarfinsa ne matsalar ba. Abin da ya ba da shawara shi ne a kankare simintin duka, a kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa a bar ta ta kwana uku ko huɗu tana ruɓa, a sake yaɓe. Daga waje a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Siminti kuma a yi dakali da shi a gindin bango, inda ruwan indararo ke fantsama. Daga ciki farar ƙasa, ba fentin mai ba.

Malam yana tsaye yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa abin da ya riga ya haddace. A nan na gane sun gama maganar nan tun ba yau ba. Raina ya ɓaci. Na ja shi gefe, wajen randa, na ce, "Malam, in kun riga kun yanke, me ya sa ka bar ni ina ta nuna maka hotuna wata guda kana cewa ya yi kyau?" Ya ce ai ya yi kyau ɗin, bai ce za a yi ba. Wannan amsa irin tasa ce, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai. Na ce ni zan share ɗakin kullum, ni zan karɓi baƙi a ciki, matan unguwa ni za su kalla su ce ta shiga gidan miji ta zauna a ɗakin ƙasa kamar a ƙauye. Ya ce ɗakin da aka haife shi ke nan. Na ce ba a ɗakin aka haife ka ba, Inna ta ce gida ta tafi. Ya yi shiru, na yi shiru, kowa ya kama gabansa.

Gaskiyar da ban faɗa masa a lokacin ba ita ce, ni ma na riga na ba da kafin alƙalami na tayil kwali goma sha biyu tun ranar Talata, da kuɗin adashena, ban gaya masa ba.

Wajen ƙarfe goma aka zo kan silin. Na katako ne, irin falle-fallen nan, an yi masa farin fenti ya koma ruwan ƙasa, ya yi ciki a tsakiya kamar akuya mai juna biyu. A kan wannan dai ba mu da saɓani, dole ya sauka. Yaro ɗaya ya hau tsani ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro falle guda. Abin da ya zubo ba ya faɗuwa: kashin jemage, sheƙar ɓera, ƙura baƙa, da wata tsohuwar wayar lantarki da ta bushe. Muka gudu waje muna tari. Katakon da aka kafa silin ɗin a kai gara ta cinye shi, yana marmashewa a hannu.

Da ƙura ta lafa Baba magini ya shiga da tocila, ya daɗe, sannan ya leƙo ya ce, "Ku zo ku gani."

A saman silin ɗin akwai wani ɗaki da ban taɓa sanin da shi ba. Rufin ya yi sama sosai, bakuna biyu, wato gini mai lanƙwasa kamar baka, sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, abin da ya kira ɗaurin guga. Tsakaninsu azara ce a jere, baƙa wuluk, an shirya ta kamar saƙar tabarma. Ya soka mata wuƙa, wuƙar ta ƙi shiga. Ya ce giginya ce, gara ba ta cika yi mata komai ba, ga shi katakon da aka sa daga baya ya zama gari ita tana nan. A daidai inda bakunan suka haɗu an manna wata tasa ta tagulla a cikin yaɓen. Sannan a jikin bakunan, daga sama zuwa ƙasa, farantai ne ƙanana an dasa su a cikin ƙasa tun tana ɗanya. Yaron ya sa tsumma ya goge ɗaya, sai ga jan fure da koren ganye a kan fari, bakinsa shuɗi, ya ɗan ɓantare a gefe. Na ƙirga goma sha tara. Akwai gurbi ɗaya da babu komai, zagayen farantin kawai ya rage a ƙasar.

Malam ya tsaya da baki buɗe. Ya ce shi tunda ya yi wayo silin ya sani.

Wani abu kuma da ba na son amsawa amma dole in rubuta: ɗakin akwai sanyi. Yanzu hunturu ya fara ja da baya, kowa a garin nan ya san abin da ke tafe a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kwano ya riƙa ƙara da rana, mutum ya jiƙa zane ya rufa kafin ya sami barci. Ɗakunan bulon nan tun yanzu da azahar ba sa zaunuwa. A soron kuwa, da tsakar rana, na ji kamar na tsaya kusa da randa.

Bayan azahar Malam ya hau babur ya ɗauko Inna. Ta shigo tana toshe hanci da gefen mayafi, tana faɗan me ya sa aka taso ta. Da ta ɗaga kai sai faɗan ya tsaya. Na kawo mata kujera ta zauna a tsakiyar ɗakin, cikin tarkace, ta daɗe tana kallo. Sannan ta fara nuna su ɗaya-ɗaya da sandarta. Waɗannan shida na uwar mijinta ne, tun zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina su sauke kaya a tashar Garwa su ɗauki auduga da gyaɗa. Sauran nata ne, daga cikin kayan ɗakinta, gwaggonta ta sayo su a Yola. Da aka sake yaɓen ɗakin bayan bikinta, ita da ƙawayenta suka riƙa miƙa wa magini yana dasawa. Gurbin da babu komai kuwa, ta ce farantin ya faɗo ne wata damina ya fashe a kan gadonta, ta yi kuka kamar an yi mutuwa.

Na ce, "Inna, to ya aka yi aka rufe su?"

Ta ce, "'Yar nan, wankan jego na tafi gida. Na yi kwana arba'in da ɗoriya. Na dawo da jariri a baya na tarar an yi mini silin da fanka. Yana ta murna, ya ce ya yi mini abin zamani, duk unguwar nan ba mai irinsa. Me zan ce? Na ce an gode."

Ta juya ta kalli ɗanta, shi ne jaririn, ta ce ko sau ɗaya mahaifinsa bai tambaye ta ba, ita kuma ko sau ɗaya ba ta gaya masa ba, har ya koma ga Allah. Ba da ɗaci ta faɗa ba, har da 'yar dariya. Malam ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Ni ma ban sami inda zan sa idona ba.

Ta ci tuwon dawa da miyar yakuwa da kifin da na saya jiya a bakin gada, ta ce gishiri ya yi yawa, aka mai da ita kafin la'asar.

Da yamma muka je kasuwa tare neman farar ƙasa da burushi. A hanya, ina bayansa a babur, na gaya masa maganar tayil. Na zaɓi lokacin ne da gangan, don ba zai iya juyowa ya kalle ni ba. Ya yi tafiya mai ɗan nisa bai ce komai ba, har muka wuce babban masallaci, sannan ya ce kwali nawa. Na faɗa. Ya ce wane launi. Na ce ruwan toka. Ya ce shi da shuɗi ya so. Na ce duk gidan da ka shiga a garin nan shuɗi ne, kamar an yi wa mutane wahayi. Ya yi dariya har babur ya yi tangaɗi.

Mai shagon da na ba kuɗin ya ƙi mayarwa, ya ce kaya sun riga sun fita daga lissafi, sai dai in canza da wani abu. Mun yi ta ja, bai motsa ba. Don haka tayil na nan zuwa ko muna so ko ba ma so. Baba magini ya ce a ƙasan soron kada a sa, a yi daɓe, in ina son santsi akwai yadda ake yi. Malam ya ce a kai tayil ɗin ɗakunan bulo da banɗaki. Ban amince ba tukuna. Na ce zan yi tunani, kuma da gaske nake, don har yanzu ina ganin daɓe zai riƙa tara ƙura, kuma ba shi zai durƙusa da tsintsiya ba.

Abin da na amince da shi shi ne silin ba zai koma ba. Fitilun nan ƙanana da na ƙwallafa rai a kansu, mai gyaran wuta ya ce zai iya jera su a gindin bakunan su haska sama, wayar ta bi ta cikin sabon yaɓe a cikin roba. Ko zai yi kyau ko zai zama kamar shagon sayar da waya, sai an kunna.

Bayan isha'i muka zauna da littafin lissafi. Kuɗin silin ya dawo mana, kuɗin yaɓe da makuba ya cinye fiye da rabinsa, ga kwanon da aka ɗora a kan soron yana yoyo wuri biyu, dole a canza shi kafin ruwan farko. Rodunan nan huɗu za su ƙara shekara suna shan rana. An ɗauke wuta muna tsakiyar lissafin, muka ƙarasa da hasken waya.

Gobe Lahadi, kasuwar Pitowa. Zan nemo tabarmi biyu da sabuwar randa, tumtum kuma sai wani ya je Marwa. Malam ya ce in duba wurin masu tsofaffin kwanuka ko za a dace da faranti mai jan fure daidai gurbin nan. Na auna shi da zare ɗazu, na ƙulla, na sa a jakata.